Zabi biyu a gindin tuta

Ina cikin juya masa a ƙofar lakwal, makarantar boko ta garin, mai ya yi zahi har shina tsalle, sai ga dirakta, shugaban makarantar, ya hito da wata yarinya doguwa biye da shi, akwatin kwano a hannunta, takalminta duk jar ƙasa. Ya tsaya kaina ko sallama babu. Shi mutumin kudu ne, Hausarshi ta sayen albasa ce. Ya ce ya ji mijina ba shi zama gari, ya ji akwai ɗaki babu kowa a gidanmu. Wagga, in ji shi, daga Najeriya anka aiko ta, makarantar koyon malanta take yi can wajen Zariya, Faransanci take karantawa, an ce ta zo ta yi shekara guda cikin masu harshen, ta riƙe aji a gani. Ba ta da wurin kwana. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa cikin tokar murhuna.

"Sannu da aiki, Yaya. Sunana Rakiya."

Bibata mai shinkafa da wake, wadda ke zama daura da ni, ta ce mani da harshen Dendi in karɓe ta, ko ba komi na samu mai yi mani kitso. Na ce wagga mai hannu kamar na jariri kitson mi za ta iya. Amma na karɓe ta, kuma ba don kirki ba. Gidan ne ya yi mani faɗi.

Ku ɗiyana da jikokina, kun tashi kun iske ana ba da labarin Malama 'yar Najeriya da ta kai ma sufeton makarantu toshi anka kore ta. Gabana an sha faɗinshi ana dariya, ina zaune ban ce uhum ba. Sai da na haura hamsin na shiga ajin mata na koyi riƙon bik ɗin rubutu, ba zan yi wahalar ga duka don in rubuta maku ƙarya ba.

Lokacin babanku Garba shina rakiyar buhunan albasa bisa manyan motoci zuwa Kotonu, sai shi yi sati uku, shi dawo shi kwana biyu shi koma. Gidan daga ni sai Inna mahaihiyarshi, wadda ido ya riga ya tahi amma kunne ya hi na kowa, sai babbar yayarku Hamsatu tana goye. Ni 'yar Garou ce, 'yar masunta. Matan unguwar nan ɗiyan 'yan kasuwa ne tun kakanni, in na shiga gidan suna sai a matsa mani tabarma can gehe, wata ta toshe hanci ta ce wa ya shigo da kihi. Shekara huɗu ina garin, in ba Bibata ba babu mai kiran sunana da daɗi.

Daga wurin zamana ina ganin hilin lakwal duka, don katangar ba ta kai ƙugu ba. Zamanin juyi ne, sojoji ke da ƙasa, sun ma sake mata suna ba da daɗewa ba. Kowa ya zama kamarad, dirakta kamarad, mai shara kamarad. Da sassahe yara su zo da tsintsiya su share hili, manya su ɗebo ruwa su ba gonar lakwal, don an ce kowane lakwal shi yi noma. A buga ƙarhen tayar mota da anka rataya ga icen bedi, su yi layi, a ɗaga tuta, a yi waƙa, dirakta shi yi ihu su amsa da hannu dunƙule. Malamai su tsaya gaba cikin kaki. Rakiya na can ƙarshen layi da zanenta da kallabi, bakinta na motsi amma ba ta san waƙar ba. An ba ta ajin ƙanana, waɗanda anka cusa huɗu huɗu bisa banci, sauran a ƙasa da alluna bisa gwiwa. Yaran Dendi suke ji, ita ba ta jin ko zo in kashe ka. Da yawansu suna jin Hausa, amma dirakta ya ce in ya ji Hausa cikin aji za shi rubuta. Sai ta tsaya ta yi ta zuba masu Faransancin littahi, su kuma su zuba mata ido. Wata rana na ji ajin ya ɗauki dariya, na leƙa ta taga na gan ta bisa gwiwa da hannu tana kukan akuya don su gane sunan akuya. Tsohon mushe, haka ake kiran malami namiji, wanda anka ce shi riƙa duba ta, shina zaune baya da jarida bisa huska.

Sauran malaman duk 'yan kudu ne. In an buga ƙarhen hutu sai su taru gindin mangwaro da kwanoninsu, su juye harshe zuwa nasu na gida. Ba su kore ta ba, ba su kuma kira ta ba. In ta yi magana sai ɗaya shi ce ta sake faɗi, ta sake, su dubi juna. Madam Angile suke ce mata, wato mai Ingilishi, har yara sunka ɗauka. Sai ta taho wurina ta ce a ba ta masa ta dala, ta tsaya ta riƙe ta har ta yi sanyi, tana tambayata ko Inna ta sha kunu, ko Hamsatu ta yi barci, abin da duk ta sani don tare munka hito. Bibata ta ce mata ko ta ci masar ko ta maida a sai da ma mai yunwa. Daga baya na gane bakinta ne ke son shi yi Hausa kahin shi koma ciki.

Da tsakar rana a tashi, a koma ƙarhe uku, sai biyar ta wuce ta shigo gida alli har gira. Ta yi salla, ta baje kwalaye tsakar gida tana yanka, tana zana kaza da jirgi da kwarya da za ta nuna ma yara gobe. Ba ta iya daka ba, ba ta iya ɗaukar tulu bisa kai ba, kitson ma ba ta iya ba. Amma tana zama kusa da ni in ina tankaɗe, ta ce in ba ta labarin Garou, yadda ruwa ke cika shi shiga gonakin shinkafa. Ba a taɓa tambayata labarin garinmu ba. Ran da babu lakwal da yamma sai ta tahi gidan waya ta tambayi wasiƙa, sau da yawa ta dawo hannu biyu, ta bi ta bakin ruwa ta tsaya kallon gadar da ke kan iyaka. Matan unguwa sunka ce na ajiye budurwa mai yawo ita kaɗai. Na ce su zo su ɗauke ta in gidansu ya hi tsarki.

Wata la'asar ta buɗe akwatinta ta ciro wata takarda daga ƙarƙashin zannuwa, ta nuna mani. Ni a lokacin rubutu da sawun kaji duk ɗaya. Ta ɗora yatsa bisa wani wuri fari a ƙasa.

"Nan sufeto zai sa hannu ya buga hatimi, in ya ga darasina ya yi. In na koma babu wannan, shekara ukun da na yi a makaranta sun tafi a banza. Babana tela ne, Yaya, ni ce ta farko a gidanmu."

Na ce mata Allah shi sa a buga. Na riƙa ganin wurin nan fari cikin kaina ina juya masa.

Zahi ya shigo, mangwaro ya nuna, sai anka ce sufeto na tahe sati mai zuwa. Rakiya ta daina cin abinci. Kowace yamma ta jingina wani katako jikin rumbu, ta zaunar da ni da Inna bisa tabarma, mu ne yara. Ta ɗaga kwali ta yi tambaya, ni in yi shiru, Inna da ba ta ganin kwalin ta ɗaga hannu ta ce wi madam, wato i malama, da ƙarhi. Rakiya ta ce Inna ai ba a tambaye ki wi ba. Inna ta ce ita abin da ta iya ke nan, in sufeto ya hi haka shi zo shi zauna. Munka yi dariya har Hamsatu ta farka. Ita ce dariyar da na hi tunawa a gidan nan.

Washegari da tsakar rana, Rakiya ba ta dawo ba tukuna, Inna ta kira ni. Ta ce ta ji ana ta gyaran kwali, ba ta ji ana gyaran abin gaisuwa ba. Babban mutum za shi sauka gari, ɗiyar gidanmu na da buƙata gare shi, mu tura ta hannu wofi? Ta ce yarinyar ba ta da uwa nan, mu ne iyayenta, in ba a gaishe shi ba mu za a zaga. Ban kawo maganar Inna don in ɗora mata ba, ni ma tunanin da nike ke nan. Haka na tashi na gani. Ko mai gari za a je wurinshi kan iyakar gona, sai an sa wani abu cikin kwando, kuma ba mai buƙata ke kai wa da kanshi ba, nashi ke kai mashi. Na san ana ta ihu cikin rediyo kan masu cin hanci, amma ni ban ɗauka kihi da albasa hanci ne ba.

Na tahi Garou na kwana ɗaya. Babana ya zaɓo mani kihin banda manya, innata ta kama zabi biyu, na ƙara albasa. Na jera cikin kwandon da nike ɗaukar kayan masa, na ruhe da jan mayahin Inna. Ran da sufeto ya sauka gidan baƙi na gwamnati, na bari sai da Rakiya ta koma lakwal da yamma, na goya Hamsatu na kai. Direbanshi na iske shina wanke mota. Na ce gaisuwa ce daga Malama 'yar Najeriya. Ya leƙa ciki ya ce madalla. Ban gaya mata ba. So nike ta iske mutumin ya yi laushi ba ta san dalili ba, in an buga hatimi sannan in faɗa mu yi dariya.

Da sahe anka buga ƙarhe, yara sunka yi layi. Rakiya ta sa zanenta mai kyau, kwalayenta na hammata. Motar ta shigo. Sufeton yaro ne siriri, bai hi talatin ba, kakinshi ya sha guga. Bai ba kowa hannu ba. Ya buɗe bayan mota da kanshi ya ɗauko kwandona, ya kai gindin tuta ya ajiye, ya yaye jan mayahin. Zabin na ɗaure ga ƙafa, sunka ɗauki kuka, yara sunka fara dariya, dirakta ya daka masu tsawa. Sufeto ya fara magana da Faransanci, shina nuna kwandon, shina nuna tuta. Bibata ta taɓa yin wanki gidan wani Bature, tana tsintar harshen, sai ta matso tana gaya mani ƙasa ƙasa. Ta ce shina cewa wanga shi ne tsohon hali da juyi ya zo kashewa. Ta ce shina cewa an zo daga wata ƙasa za a saye shi da tsuntsu. Sai ta dubi bayana inda Hamsatu take.

"Dije, ya ce direba ya ce mace ce mai goyo ta kawo. Ya ce a nemo ta, jandarma za su tambaye ta wa ya aiko ta."

Rakiya ta dubi kwandon. Kullum sahe ita ke taya ni ɗora shi bisa kai, ta san shi, ta san mayahin. Ta ɗago ta dubi ƙofa inda nike, sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Ta hito daga layi ta yi magana, ba ta yi tsawo ba. Ran nan babu malamin da ya ce ta sake faɗi. Na ce ma Bibata mi ta ce.

"Ta ce ita ce. Ta ce wata mata ta iske a hanya ta ba ta ta kai, matar ba ta san komi ba, ko sunanta ba ta sani ba."

Bibata ta dahe mani gwiwa ta ce in zauna. Na daɗe ina gaya ma kaina ita ta hana ni tashi. Ƙarya ne, ko ba ta taɓa ni ba ban da niyya. Taku ashirin ne tsakanina da tutar nan, dirakta na jin Hausa, in na ce ni ce, ita ba ta sani ba, an gama. Na tuna wani mutumin unguwarmu da anka ɗauka kan magana, ya dawo bayan wata biyu ba shi iya tauna. Na tuna babanku kullum sai motarsu ta tsaya gaban jandarma. Na tuna wurin zamana a ƙofar lakwal, shi kaɗai nike da shi a garin. Na duƙa na ci gaba da juya masa, ta ƙone ma ban cire ba.

Sufeto bai shiga ajinta ba. Ya ce ta kawo takardar, ya ɗora bisa gaban mota, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya yi rubutu a wurin nan fari, ya miƙa mata. Kihin da albasa anka ce a kai asibiti, zabin anka sa cikin akurkin lakwal. Dirakta ya ce ta ba tsohon mushe allinta, kwana uku ta bar gari.

Kwana ukun nan Inna ta juya huska ga bango ta ce zazzaɓi take. Ni in dafa tuwo in kai ƙofar ɗakin Rakiya, ta ce an gode, in dawo in ɗauke shi yadda na kai. Ba ta yi mani faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta wanke kayanta ta shanya, ta yi ma Hamsatu wasa, ta share ɗakin. Rana ta biyu ina tankaɗe ta zo ta zauna inda ta saba. Sai ta ce, ba ta dube ni ba:

"A garinmu ma haka ake yi, Yaya. Da mahaifiyata ce ma abin da za ta yi ke nan. Da dai kin tambaye ni."

Na buɗe baki, abin da ya hito shi ne ko za ta sha hura. Ta ce a'a.

Ran tahiya ban hura wuta ba. Na ɗora akwatinta bisa kai, za ta haye gada zuwa Gaya ta nemi motar Kamba ta shiga Najeriya. Hanyar ta bi bayan lakwal, muna jin ƙanananta suna maimaita wani abu bayan tsohon mushe. Ta rage tahiya kaɗan, ta saurara, ta ce har yanzu ba su iya faɗin shi daidai ba. Babu wanda ya hito, dirakta ya hana. Sai da munka hangi gada na tsaya, na ce mu koma, yanzu zan shiga ofis in gaya ma dirakta gaskiya, a kai ni duk inda za a kai ni. Da gaske nike, ko ina jin da gaske nike. Ta ce sufeto ya kai Kandi tun shekaranjiya, layin da ya ja ba ya gogewa, in na faɗa yanzu mu biyu ke nan.

"Ranar nan ce ake faɗa, Yaya. Kuma da kin tashi ma da na ce ƙarya kike."

Munka isa wurin duwan, mai binciken kaya a bakin gada. Ya ce a sauke akwati a buɗe. Zannuwa ne, da littattahai, da kwalayen nan na kaza da jirgi. Ya ɗaga ɗaya ya duba, ya yi murmushi. Ya ga takardar a sama, ya ɗauka ya juya ta, bai tsaya karantawa ba. Ya ce mata da Hausa:

"Malama ce ke?"

Ta ce, "A'a."

Ya ruhe akwatin ya ja mashi alli. Na ce bari in kai mata ƙetare, ya ce ina takardata ta haye iyaka, ban da ita. Ta sunkuya ta ɗauka da hannu biyu, ta hau gada.